Allon Jifsom: Ina Kuɗin Silin Da Bangon Zamani Yake Ɓuya?

Ranar da aka gama raba babban falon gidanmu na Tudun Wada gida biyu, saboda ƙanena da zai yi aure, Baffa ya zo ganin aiki bayan la'asar. Ya tsaya ya ƙare wa sabon bangon kallo, fari tas, sumul kamar an bi shi da dutsen guga. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa. Bangon ya amsa masa da sauti irin na ganga.

"Kai, wannan bango ne ko kwali?"

"Bango ne, Baffa. Irin na zamani."

"To, Allah ya sa na zamanin ya ga damina biyu."

Bangon ya ga damina uku yanzu, ko gezau. Silin da aka yi da allo iri ɗaya, a mako ɗaya, da hannun mutum ɗaya, shi ne bai fita Agustan farko ba sai da ya yi ciki. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin abin, ina tambayar masu sana'ar, ina leƙa gidajen da ake aiki, har na gane cewa yawancinmu a kan allon muke ciniki, alhali kuɗin da wahalar duk a bayansa suke, inda ido ba ya kaiwa.

A fara da warware sunaye, don a Gombe duk farin silin da aka gani fiyofi ake ce masa, abin da masu sana'ar ke rubutawa POP a ƙofar shagunansu. Alhali abu uku ne. Akwai fiyofi na zuba, wanda ake kwaɓa gari da ruwa, a zuba a kan tebur ko gilashi tare da zaren filas, ya daskare ya zama faifai, a ɗaga a ɗaure shi a jikin katakon rufi. Akwai silin roba, wanda ba shi da dangantaka da su ko kaɗan. Sannan akwai allon jifsom, wanda a masana'anta ake yin sa: jifsom ne aka matse tsakanin takarda mai kauri biyu, aka yanka shi faifai-faifai, ana ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfe ko katako. Ba a kwaɓa komai sai ɗan abin toshe mahaɗa. Shi ya sa Turawa ke ce masa busasshen bango.

Fiyofi da allon jifsom uwarsu ɗaya. Jifsom dutse ne mai laushi, farce ma yana kankare shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin halittarsa. In aka niƙa shi aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 150, sai kashi uku cikin huɗu na ruwan nan ya fice, ya zama gari. Ka mayar masa da ruwa, cikin 'yan mintoci ya koma dutse. Garin ya samo sunansa na POP, wato Plaster of Paris, daga birnin Faris na Faransa, inda aka daɗe ana haƙo shi a tudun Montmartre. Wannan ƙishirwa tasa ita ce amfaninsa, ita ce kuma ajalinsa. In gobara ta tashi, ruwan da ke cikin allon yana fita a matsayin tururi, ya hana zafi ƙetarawa har sai ya ƙare, shi ya sa bango mai allo ɗaya ta kowane gefe kan tsare wuta na kimanin rabin awa. In kuwa ruwan sama ne ya same shi ya zauna a kansa, sai takardar ta saki, cikin ya yi laushi kamar biskit da aka tsoma a shayi.

A Amurka abin ya taso. Wani mai suna Augustine Sackett ne ya yi rajistar irinsa na farko a 1894, kamfanin United States Gypsum ya fito da nasa mai suna Sheetrock a 1916, amma bai cika gari ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake buƙatar gidaje da yawa cikin gaggawa. Gidajensu na katako ne, allon fata ce kawai da ake lulluɓe ƙashin gidan da ita ta ciki. Namu gidan bulo ne da siminti. Saboda haka wanda ya ga bidiyo a TikTok ana gyara gida kaf da allo, ya ce shi ma haka zai yi a Pantami, ya ɗauko rigar da ba a jikinsa aka gwada ba. A wurinmu aikinsa uku ne: silin, raba ɗaki ta ciki, da lulluɓe tsohon bangon da filastarsa ta yi muni.

Abin takaicin, dutsen nan muna da shi a ƙofar gida. Ana haƙar jifsom a yankin Nafada, akwai shi kuma a Fika ta jihar Yobe. Kamfanin siminti na Ashaka da ke Funakaye, wanda ya fara aiki a 1979, ba ya rabuwa da jifsom, don kowane siminti sai an sa masa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, in ba haka ba kafin birkila ya ɗaga cokali ya daskare. Amma allon da za ka rufe ɗakinka da shi, da garin fiyofi, mai yawa daga cikinsu ta jirgin ruwa suke shigowa daga ƙasashe irin su Sin da Turkiyya da Masar, a sauke a Legas, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin su iso mu, sau da yawa bayan sun yada zango a Kano. Don haka farashin allo ɗan dala ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. An kuma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Duk wanda ya ba ka farashin allo na bara, labari ya ba ka. Abin da ba ya canzawa shi ne yawan kayan da ɗakinka zai ci, kuma shi ya kamata ka riƙe kafin ka taka kasuwa.

Allon da aka fi samu faɗinsa mita 1.2 ne, tsawonsa mita 2.4, wato ƙafa 4 da ƙafa 8. Kowane ɗaya yana rufe murabba'in mita 2.88. Ɗauki ɗakinmu na gargajiya, sha biyu sha biyu, wanda a mita yake 3.6 ta kowane gefe. Silinsa kusan murabba'in mita 13 ne, allo huɗu da rabi ke nan, ka sayi biyar, in kana tsoron karyewa a hanya ka sa shida. In kuwa bango za ka ja a tsakiyar falo, mai tsawon mita 3.6 da tsayin mita 3, ka tuna fuska biyu gare shi: murabba'in mita 21.6, allo bakwai da rabi, a ce takwas ko tara. Ƙarfen tsaye, in an ba su tazarar santimita 60, guda bakwai ne, in 40 ce guda goma. Ƙarfen kwance na sama da na ƙasa mita 7.2. Kowane allo yana cin sukuru wajen talatin. Sai tef na mahaɗa, garin toshewa, ƙarfen kusurwa, samfefa, farar shimfiɗar da ake yi kafin fenti, da fentin kansa. Sai dako, sai kuɗin hannu. Da na zauna na tara rasit ɗin aikinmu, kuɗin allon bai kai rabin abin da na kashe ba. Ni kuwa a kansa na ɓata yini guda ina ciniki, ina murna na rage wani abu.

Kauri ma magana ce. Akwai mai milimita 9, akwai mai 12, akwai mai 15. Mai 9 na silin ne, ya fi sauƙin ɗagawa da sauƙin kuɗi, amma yana son ƙarfe kusa-kusa, kada tazarar ta wuce santimita 40. Bango kuwa ba a yi masa ƙasa da 12. A nan ake yanka maigida ba tare da ya ji zafin wuƙa ba: a karɓi kuɗin mai 12 a sa mai 9, ko a sa mai 9 a kan tazarar 60. Ranar da aka gama duk ɗaya suke a ido. Bayan shekara sai ka ga silin yana igiyar ruwa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, musamman da dare in hasken ƙwan lantarki ya bi ta gefensa. Launin takardar ma yana magana. Fari ko ruwan toka na ɗaki ne, kore mai jure laima ne, ja ko ruwan hoda an ƙara masa juriyar wuta. Koren nan laima yake jurewa, irin tururin kicin da na banɗaki, ba a ce a riƙa kwara masa ruwa ba. Ka juya bayan allon ka ga tambarin kamfani da kaurinsa a rubuce. Knauf na Jamus da Gyproc sanannu ne, akwai wasu da dama masu kyau, amma allon da babu ko harafi a bayansa ka bar wa mai shi. Amurkawa ma sun taɓa shan ta: bayan guguwar Katrina ta 2005 allo ya yi musu ƙaranci, aka shigo da wani daga Sin, daga baya ya riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana cinye wayar wuta da bututun na'urar sanyaya ɗaki, har dubban gidaje a Fulorida da maƙwabtanta sai da aka ɓamɓare su.

Masu aikin da murabba'in mita suke yanka farashi, kuma yawan rigimar da ake yi da su daga nan take tasowa. Shimfiɗaɗɗen silin lissafinsa a fili yake. Da zarar uwargida ta nuna hoton nan mai hawa biyu, da zagaye a tsakiya, da fitila ɓoyayya mai canza launi, lissafi ya tashi daga faɗin ɗaki ya koma kan kowane lanƙwasa da kowace kusurwa. Ƙarfe ya ƙaru, yanka ya ƙaru, abin da za a zubar ya ƙaru, kwanakin aiki sun ninka. Ni dai ra'ayina, ado mai hawa-hawa a garin da hunturu ke sauke ƙura wata uku, ma'ajiyar ƙura da yanar gizo-gizo ka gina, kuma tsohuwarmu Dada ce za ta riƙa sa yara hawa kujera da tsintsiya. Kafin a fara, a zauna a faɗa baki da baki, a rubuta a takarda: jingar da kaya ce ko kuɗin hannu kawai? Kaurin allo nawa? Tazarar ƙarfe nawa? Shafe mahaɗa kawai za a yi ko sikiridin, wato shafe fuskar allon gaba ɗaya? Fenti yana ciki? Waye zai huda gurbin fitilu, shi ko mai wayarin? Kuɗin kuma a kasa shi uku: kafin alƙalami, sai bayan ka ga ƙarfe da idonka, sai cikon bayan an gama.

Wannan na tsakiyar shi ne zancen. Ranar da aka gama kafa ƙarfe, kafin a ɗora allo ko ɗaya, ita ce ranar da ya kamata maigida ya rufe shago ko ya nemi izini a ofis ya zo da tef ɗin awo a aljihu. Bayan wannan rana ba za ka sake ganin abin da ka saya ba. Ka auna tazarar. Ka matsa ƙarfen da yatsa biyu, in ya lotsa kamar gwangwanin madara, mara kauri ne. Ka duba abin da ya rataye silin, ya zama ƙarfe ne ko waya mai ƙwari da aka kama a jikin katakon rufi, kusan kowace mita ɗaya, ba guntayen filas da aka dangwala da fiyofi ba. A sa tiyon ruwa na auna daidaito a zagaye ɗakin a gabanka, ka ga kusurwa huɗun sun yi daidai. Ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ko dekin take, ba a jikin ƙarfen silin ba. Inda za a rataye talabijin, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko sandar labule, a sa katako mai kauri tsakanin ƙarafan tun yanzu, ka ɗauki hotonsa da waya don ka tuna wurin. Wayar wuta ta bi cikin bututunta, kada a shimfiɗe ta tsirara a kan ƙarfe mai kaifi. Sannan a bar ƙofar shiga silin, ko da a lungu ne. Mu ba mu bari ba, mai aikin ya ce za ta ɓata ado, ni kuma na biye masa.

Wasu kafintoci sun fi son katako a maimakon ƙarfe, don shi hannunsu ya saba da shi, kuma yakan fi araha. Matsalarsa biyu. Gara, wadda ba ta taɓa jifsom amma tana cin katako da takardar allon, ta bar maka fenti a tsaye babu komai a bayansa. Sai ɗanyen katako, wanda za a kafa da damina yana jiƙe, hunturu ya zo ya tsotse shi, ya murɗe, ya ja allon, mahaɗa ta tsage, kawunan sukuru su ɓullo kamar ƙuraje. In dole sai katakon, ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara.

Ɗora allon kansa ba ya cin lokaci. Ana yanka shi da wuƙa, a ja layi a takardar gaba, a karya, a yanke ta baya. Abin lura kaɗan ne. A silin, allon yana gilma ƙarafan ne, ba ya bin tsawonsu. Mahaɗa ba ta zama layi ɗaya daga bango zuwa bango, ana saɓa su kamar yadda birkila ke saɓa bulo. Ba a haɗa allo biyu daidai kusurwar ƙofa, nan ne tsaga ta fi so. Kan sukuru ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba, don takardar ce ke riƙe da nauyin, in ta yage sukurun ado ne. Tazararsu wajen santimita 30 a bango, 20 a silin. A bango kuma a ɗaga allon daga ƙasa da kimanin santimita ɗaya, a rufe da tayil na gindin bango. Wannan a gidan Bahaushe wajibi ne, don mu ba goge ɗaki muke yi ba, wanke shi muke yi, a kwara bokiti guda a bi da tsintsiya. Allon da ya zauna daram a kan daɓe zai riƙa shan ruwan nan kamar lagwani.

Gwanintar tana wurin toshe mahaɗa. Shafi uku ake yi. Na farko a cika ramin, a manna tef, a danne. Na biyu ya fi na farko faɗi, na uku ya fi na biyu, har tudun ya baje ya ɓace. Kowanne sai ya bushe kafin a ɗora na gaba, sannan a bi da samfefa. Mai gaggawa yakan tsallake tef ɗin, ya cusa garin fiyofi kawai ya shafe. Ranar zai yi kyau. Wata uku sai ga siririn layi kamar gashi ya bi duk inda allo biyu suka haɗu. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A watan Janairu iska takan tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama, ya zama gari yana zuba, don haka a rufe tagogi a kwaɓa kaɗan-kaɗan. A Agusta kuwa shafin da ya kamata ya bushe a kwana ɗaya sai ya kai biyu, wanda ya yi fenti a kansa ya rufe laima a ciki. Ranar samfefa a fitar da yara da mai asma daga gidan, mai aikin ya sa takunkumi.

Sai tambayar Baffa, wadda ya maimaita mini har sau uku: me ya hana a ja bulo kawai a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma a wurare da yawa shi ke da gaskiya. Bulo da yashi da siminti namu ne, ba sa jiran jirgin ruwa, kowane birkila ya iya su. Amma bangon nan na mita 3.6 da 3 zai ci bulo mai inci shida sama da ɗari, da kwaɓi da filasta nauyinsa ya haura tan biyu. Na allo da ƙarfensa bai fi rubu'in tan ba. A ƙasa wannan ba komai ba ne. A saman bene kuwa, ɗora tan biyu a tsakiyar dekin da ba a yi masa ginshiƙi a wurin ba, kasada ce da rayukan waɗanda ke kwana a ƙasa. Ga kuma lokaci. Bulo sai an gina, an fasa hanyar waya, an yi filasta, an yi ta ba shi ruwa, an jira ya bushe kafin fenti, gida ya koma filin gini na makonni. Namu kwana huɗu aka yi, tayil ɗin falon ko ɗaya ba a fasa ba, kuma ranar da aka so mayar da falon yadda yake, sukundireba ce za ta yi aikin.

Inda bulo ya yi masa nisa shi ne sirri da tsaro. Bango mai rami a ciki yana kai magana. Da muka gane ɗakin amarya muke haɗawa da falon da Dada ke zama da baƙinta, sai aka cusa audugar gilashi a tsakanin allunan, aka kai bangon har can sama ya wuce silin, aka kuma hana soket ɗin wannan gefe ya yi baya da baya da na wancan. Ya rage sosai, amma in ƙanena ya ƙure rediyo, Dada ta san tashar da yake ji. Tsaro kuwa babu shi. Na ga masu filaza suna raba shaguna da allo tsakanin 'yan haya biyu da ba su san juna ba. Wuƙar da aka yanka allon da ita ranar aiki, ita za ta buɗe shi da dare ba tare da maigadi ya ji motsi ba. Bangon waje, zagayen banɗaki inda ruwa ke dukansa, wurin alwala, ɗakin ajiyar hatsi da ɓera ke nema, duk a bar wa bulo. In dole sai faifai a wuri mai ruwa, akwai allon siminti, ya fi nauyi da wuyar yanka amma ba ya narkewa.

Mu koma kan silin namu. Wani dare a Agusta aka yi ruwa da iska irin wanda ke cika kwarurrukan Gombe. Da safe Dada ta kira ni.

"Zo ka ga taswirar da aka zana mana."

Wani tabo ne ruwan ƙasa, faɗin faranti, daidai saman inda take sallah. Kwana uku ya zama faɗin tire, tsakiyarsa ya sauko. Na kira mai aikin da faɗa a bakina. Ya zo ya kashe wutar ɗakin daga mita, ya sa a kawo bokiti, ya soka sukundireba a tsakiyar cikin. Ruwa ya tsiyayo kusan rabin bokiti, baƙi, da kashin jemage. Sai ya dube ni.

"Alhaji, ranar da na zo awo na ce maka a hau a duba kwanon nan. Ka ce lafiyarsa ƙalau, shekara ashirin bai taɓa yoyo ba."

Haka na ce. Abin da ban sani ba shi ne ya daɗe yana yoyon, tsohon silin ne ke shanyewa ya bushe ba mu lura ba. Ƙusoshi uku ne suka yi tsatsa suka saki a inda kwano biyu suka haɗu. Kuɗin gyaransu bai kai na allo ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina.

Gyaran da ya yi a gabana shi ne tsarin duk wani gyaran allo. Kwano aka fara yi, aka jira wani ruwan ya sauka aka tabbatar. Sannan ya bi tabon yana dannawa da yatsa, duk inda ya yi laushi ko ya fara baƙin fumfuna ya zagaye da fensir, ya ja layin ya zama murabba'i har ya kai tsakiyar ƙarfe ta kowane gefe, ya yanke. Aka bar ramin a buɗe kwana biyu iska ta shiga. Ya yanko sabon allo daidai wurin, ya ɗaure, ya sa tef, shafi uku, samfefa. Inda tabo ne kawai allon bai mutu ba, sai da ya fara shafa fenti mai mai, don fentin ruwa ko sau biyar ka shafa, tabon zai sake leƙowa. A wannan karon na sa ya bar ƙofar shiga silin, a bayan ƙyaure.

Sauran gyare-gyaren ƙannen wannan ne. Ramin ƙusa, a cike da garin toshewa a goge. Ramin da mariƙin ƙofa ya fasa, ko ƙwallon yara, a gyara bakinsa ya zama murabba'i, a zura guntun katako biyu ta baya a kama su da sukuru, a ɗora faci a kansu. Sukurun da ya ɓullo, a ɗaura wani kusa da shi da tazarar yatsu uku, sannan a mayar da shi ciki a shafe. Tsagar mahaɗa ba a rufe ta da fenti, sai an kankare an sa tef. Amma tsagar da aka gyara ta dawo, aka sake ta dawo, musamman a inda allo ya haɗu da bulo, ka dubi ginin kansa. Wasu sassan Gombe ƙasarsu laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, gida yana motsi a kanta, allon kuma shaida kawai yake bayarwa. Abin da ke ba mutane haushi a ƙaramin gyara shi ne tsadarsa in an gwada da girmansa. Facin da bai fi tafin hannu ba, mai aiki sai ya zo sau uku saboda jiran bushewa, kowane zuwa da kuɗin mashin ɗinsa, ga shi ba a sayar da rubu'in allo. Don haka guntayen da suka rage ranar aiki kada a bari yara su yi alli da su. A jingine su a wuri busasshe, tare da ragowar fenti a rufe da sunan launinsa.

Wanda zai sauke tsohon silin kuma ya tsaya ya dubi ko mene ne. Gidaje da yawa da aka gina a shekarun 1970 zuwa 1990 a Gombe da Bauchi, silinsu faifan asbestos ne, mai murabba'i, ruwan toka ta baya. Yana zaune lafiya ba ya cutar da kowa. In aka farfasa shi da guduma, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, bayan shekaru masu yawa ta jawo ciwon huhu har da daji. A jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshin a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da karyawa ba, masu aikin da takunkumi, iyali kuma a gidan maƙwabta. Kada a share ƙurar a bushe, kada kuma a bai wa yara guntayen su yi wasan gini.

Yanzu duk ƙarshen Afrilu, kafin hadarin farko, nakan sa tsani a bayan ƙyauren nan da tsakar rana, in tura kai cikin silin, in kashe tocila. Duk inda na ga ɗigon haske ya ratso kwano, nan ruwa zai bi. Bana biyu na gani. Baffa yana ƙasa yana riƙe mini tsanin, da ɗayan hannun yana ƙwanƙwasa bango.